Ni da Jarka a Hanyar Tawa

Tun da muka dawo daga Tawa ban huta da tambaya ba. A aji a tambaye ni, a Islamiyya a tambaye ni, har a bakin famfo Asma'u ta tare ni da tulu a ka tana cewa, "Habsatu, wai da gaske na kin yi ma Kawunku tsaye cikin tasha?" Kun san halina. In mutum uku suka zuba mini ido, maganar sai ta maƙale a wuya. Shi ya sa na rubuta. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, kada kuma a sake tare ni a hanya.

Sai na fara da motar, don wasunku ba su taɓa ganinta ba. Ƙaramar mota ce mai rimot, tsawonta bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba. Asalinta ta Yaya Nasiru ce. A gwanjo ya saye ta a Sakkwato, ya yi wasa da ita har haƙoran giyarta suka cinye, ya jefar da ita bayan randa. Ni na ɗauke ta. Gidanmu yana kallon rumfar masu gyaran babur, kuma ta tsagar ƙofar zaure ina ganin duk abin da hannuwansu ke yi ba tare da sun gan ni ba. A nan na koyi kwancewa da ɗaurewa. Murfinta na sama ya daɗe da fashewa, sai na yanka tsohuwar jarkar mai, rawaya, na yi mata wani. Tayoyin na naɗe su da robar tiyub. Ƙarfen da ke juya tayoyin gaba silin keke ne. Cikinta kuma na lulluɓe da tsohuwar safar makaranta saboda yashi. Ba ta da kyau, na sani, shi ya sa yaran unguwa suke ce mata Jarka. Amma ta faɗa kwata, akuya ta taka ta, babur ɗauke da albasa ya taɓa bi ta gefenta, kuma har gobe tana gudu.

Matar Kawu Isuhu ce ta haihu, Inna za ta je suna. Kawu Isuhu yayan Inna ne, a Tawa yake zaune cikin Nijar, kayan roba yake sayarwa: bokitai, baho, kujeru, butoci. Ana gobe za mu tafi Inna ta ce, "Ki ɗauko motarki ki tahi da ita." Innar da kullum take cewa wannan ba wasan ɗiya mace ba ne. Murna ta hana ni tunani.

Daga ƙofar gida muka hau kabu-kabu biyu, ni da jakata, Inna da kayan barka. Muka tsaya wurin masu canji da ke zaune ƙarƙashin lema suna fifita da kuɗi. Inna ta canza abin da za ta canza ta ƙulle a haɓar zani. Ni abin da na lura, mai canjin yana lasar yatsa kafin ya taɓa naira, amma ba ya lasa in zai taɓa sefa. Ban san dalili ba, ban kuma tambaya ba.

A gefenmu na iyaka ba wanda ya ce mana komai, sun saba ganin Inna. A gefen Nijar ne wani mai kaki, dogo mai siririn gashin baki, ya ce a buɗe jaka. Hannunsa bai faɗa kan komai ba sai kan rimot. Ya ja eriyar har ƙarshe, fuskarsa ta canza, ya kira ɗan'uwansa da Faransanci.

"Mine ne wanga?" ya tambaye ni.

"Na mota na," na ce. Ni kaina ban ji muryata ba.

"Mota ko jirgi? Kun san an hana shigo da masu tashi sama."

Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, wasan yara na, ga motar nan cikin tsumma."

"To ta tuƙa mu gani."

Na ajiye Jarka a ƙasa na kunna. Sai na danna fiye da yadda na yi niyya. Ta fizga da gudu, ta shige ƙarƙashin bencinsu, ta fita ta ɗaya gefen, ta daki ɗan murhun gawayin da suka ɗora shayi. Butar ta kife. Toka ta tashi. Inna ta fara salati a hankali.

Na biyun ne ya fara dariya, har ya dafa bango. Dogon ya daɗe yana kallon shayinsa yana shiga ƙasa, sannan ya sunkuya ya ɗauki motar, ya ƙwanƙwasa murfin da farce.

"Wagga ai jarka ta. Mun saba kama ta cike da mai, yau ga ta da taya." Ya miƙo mini. "Ba ta tashi sama, shayin mutane kawai take kashewa. Ku tahi."

Garwashi ya ƙona safar ya yi mata ɗan rami. Abin da ya same ta ke nan.

A tashar Ƙonni muka daɗe muna jiran motar Tawa ta cika. Inna ta sayi burodinsu, dogo kamar sanda, mai ƙarfin ɓawo, wanda in ka gutsa sai dasashinka ya sani. A can ba a sa shi a leda, a hammata ake riƙe shi. Ina cikin fama da shi wayar Inna ta yi ƙara.

"Muna Ƙonni, Yaya," na ji tana cewa. "Eh, mun taho da ita. A'a, ba komi, ka gwada ta yadda kake so. Ai ɗiyarka ta."

Da ta kashe na ce, "Inna, mi za a gwada?"

Ta gyara mayafi ba ta dube ni ba. "Nasiru ya tura ma Kawunku hoton motarki a waya tana tsallake kwata. Yana so ya sawo irinta da yawa ya sayar da Sallah. Sai ya gwada ta tukuna."

Duk danginmu sun san gwajin Kawu. Ba ya sayar da abin da bai taka ba. Bokiti, ya kife shi ya hau. Baho, ya buga da ƙasa sannan ya hau. Zuwansa garinmu Illela na ƙarshe ya ga sabuwar kujerar roba a tsakar gidanmu, ya hau kanta da ƙafa biyu ya yi tsalle, ƙafar kujerar ta karye, ya sauko ya ce wa Baba ya cece mu daga faɗuwa. Kuma Kawu ba ƙaramin mutum ba ne, in ya hau bayan kabu-kabu sai tayar gaba ta nemi barin ƙasa.

"Inna, taka ta zai yi."

"In ya taka ya sai maki wata. Yayana na, Habsatu. Shi ya riƙe ni da mahaihinmu ya rasu. Ba ni iya ce mai a'a kan abin wasa."

Na ɗauke jakar daga ƙasa na ɗora a cinya, haka na riƙe ta har Tawa.

Motar 'yar bas ce, an cika ta har bakin ƙofa. Kusa da ni wata tsohuwa ce da zabi uku ɗaure a ƙarƙashin kujera, ɗaya daga ciki ta ƙi jinin idon sawuna, duk ramin da muka faɗa sai ta sare ni. Na kasa yin magana, sai tsohuwar da kanta ta lura ta ce, "Yi haƙuri ɗiyata, ita ma kasuwa za ta, ranta a ɓace yake." A gaba akwai wani malamin makaranta da kowa ke kira Mushe, haka suke ce wa malamansu. Duk shingen da muka zo sai kowa ya sauka da katinsa a hannu, a bi layi a ƙafa, motar ta same mu a gaba. A wurinmu direba ne ke sauka, a can fasinja ne.

Wajen Badagishiri na ga allo a bakin hanya an rubuta Illela da kibiya. Ban san lokacin da na ce, "Inna, an juyo da mu gida!" ba. Motar gaba ɗaya ta kwashe da dariya. Mushe ya juyo ya ce su ma suna da tasu Illelar, kuma tasu ce babba. Inna ta ce ba ta yarda ba. Suka yi ta gardama, ni kuwa na ja hijabi na rufe rabin fuska, ban sake ɗagowa ba sai da taya ta fashe bayan garin. Da muka sauka na tsaya gefe ina kallon direban yana canzawa. A nan na tsinci wata guntuwar waya mai kauri a bakin titi na sa a jaka. Halina ne, ba na wuce waya.

Abin da na fara gani a Tawa duwatsu ne. Ƙasarmu ta Illela yashi ce da laka, tasu kuwa ƙananan duwatsu ne jajaye masu kaifi, ko'ina. Na dube su na dubi jakata.

Matar Kawu, a can Tanti ake ce mata, Tanti Ramatu. Ta karɓe mu da fura mai nono sosai, ba sukari, sai da Inna ta harare ni sannan na shanye. Ɗakin baƙi ya cika da matan suna, don haka mu 'yan mata a tsakar gida aka shimfiɗa mana tabarmi aka ɗaura gidan sauro. Da safe shayi ne da dogon burodin nan, da cuku, wato busasshen nono mai faɗi kamar takarda wanda ake tsomawa a shayi ya yi laushi. Na farko da na ci ban tsoma ba, na ji kamar ina tauna takalmi. Dambunsu na zogale kuwa ya fi namu, wannan ba zan ɓoye ba, sai dai ba yaji.

Ɗiyar Kawu, Balki, sa'ata ce kuma taubashiyata, don haka tana da izinin tsokanata, kuma ba ta bar ko kaɗan ba. Makaranta lakwal take ce mata, biro kuma bik. Ta ce mu 'yan Najeriya komai namu sai da yaji da ihu, ni kaɗai ce aka manta ba a zuba wa ba. Da ta ga Jarka sai da ta zauna ƙasa don dariya.

"Wagga ta munka yi ta jira? Baba ya ce mota za a kawo daga Najeriya, ashe bola anka kwaso."

"Bolar ta hi ki gudu," na ce. A gaban Balki kaɗai bakina ke buɗewa.

Na ce ina son in sa batir a caji. Ta ce in sa ko'ina, su wutarsu ba irin tamu ba ce, ba ta ɗaukewa. Ba ta rufe baki ba fanka ta tsaya. Sai gidan maƙwabta masu sola muka kai.

An yi suna lafiya, jaririyar ta ci sunan kakarmu. Kashegari da hantsi Kawu ya aiko a ce in same shi a shago da motar. Balki ta raka ni. Shagon yana bakin kasuwa, bokitai jere har rufi, a gaba kuma abokansa suna zaune kan tabarma suna shayi a ƙananan kofunan gilashi. Muna isa muka tarar an kawo masa sabon baho. Ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa, ya kife, ya hau, ya yi rawa a kai. Bahon ya yi ƙara amma bai fashe ba.

"Wanga ya ci," ya ce. Sannan ya gan ni. "Habsi! Kawo ta nan."

Na durƙusa na gaishe shi na gaishe da mutanen, na fito da Jarka. Ya karɓa, ya jijjiga ta kusa da kunne, ya ajiye a ƙasa. Ya ce wa abokansa bara ya sawo irin waɗannan motoci, kafin a gama yawon Sallah iyaye suka dawo masa da su a leda, gutsu-gutsu, har wani ya daina gaishe shi. Ya ce bana ba za a sake ba. Ya tattare rigarsa, ya ɗaga ƙafa.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na gan ni a tsugune, hannuwana biyu a kan murfin motar, takalmin Kawu a saman yatsuna. Na ga har ƙusar da aka yi masa gyara da ita a dunduniya.

"Ke! So kike in karya maki hannu?"

"Ba a hawa kanta, Kawu."

"Mi kinka ce? Ɗaga murya, ba ni jin kukan sauro."

"Na ce ba kujera ta ba." "Yaron da za a sai ma ita ba hawa zai yi ba. Kora ta zai yi, ya buga da bango, ya sa ta cikin ruwa. In gwaji kake so, nuna min inda zan bi da ita."

Wani dattijo mai farin rawani ya ajiye kofinsa ya ce, "Alhaji, ɗiyar ta hwaɗi gaskiya."

Kawu ya sauke ƙafar. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "To. Duk inda na nuna, nan za ki bi. Kin kauce, na taka."

Ya fara da tarin tsakuwar gini da ke gefen shago. Jarka ta hau tana watsa duwatsu baya, ta kife a sama, ta gangaro, ta faɗo kan tayoyinta ta ci gaba. Ya nuna ruwan da ke gangarowa daga famfon kasuwa, baƙi mai kumfa. Ta shiga ta fita tana ɗiga. Ya nuna amalanken jaki da ke wucewa da buhunan gero, ya ce ta ƙarƙashi. Na jira har na gane takun jakin, na shigar da ita tsakanin tayoyi na fitar. Mai amalanken ya zage mu. A lokacin mutane sun fara taruwa, ina jin su a bayana, sai na ƙi waiwayawa. Idona kan motar kawai.

"Yanzu bango," in ji Kawu. "Da gudu, ba da lallashi ba."

Wannan ya fi yi mini ciwo, don ni da hannuna zan yi. Na kai ta nesa, na danna har ƙarshe. Ta daki bangon shagon da ƙarar da na ji a haƙorana. Murfin ya lotsa, ya dawo da kansa, jarka ba ta fashewa da wannan.

"Ƙara."

Na ƙara.

"Ƙara."

Balki da ke ta dariya tun farko ta yi shiru. Na ƙara. Jarka ta ja baya ta juyo ta tsaya a gabansa.

Sai ya waiga ya nuna dakalin da manyan motoci ke sauke kaya, tsayinsa ya kai ƙirjina, ƙasansa kuma duwatsun nan jajaye. Na san abin da zai faru, don na san inda take da rauni. Amma ya ce in na kauce zai taka. Na ɗora ta a sama, na ba ta gudu, ta tashi. Da hanci ta sauka. Ta wuntsila sau biyu, tayar gaba ta hagu ta kwanta gefe kamar karyayyar ƙafa.

"Shi ke nan," in ji Kawu, ya karkaɗe hannu. "Ta mutu kamar 'yan'uwanta."

Na je na ɗauko ta na zauna a ƙasa, a gaban mazan nan duka, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba. Silin keken ne ya karye a wurin lanƙwasa. Na fito da sukundireba da wayar da na tsinta a hanya, na roƙi dattijon mai rawani ya ara mini filayar da na gani a jikin babur ɗinsa. Na lanƙwasa, na gwada, ya yi tsawo, na rage, na ɗaure. Ina jin ƙarar zuba shayi daga sama. Da na ajiye ta na danna, ta tafi. Tana ɗan jan hagu, amma ta tafi, ta zagaya tabarmar ta dawo.

Kawu ya ɗauke ta ya juya cikinta sama. "Ina sunan kamhwanin?"

"Yana jikin murhin da ya hwashe."

"To mi ya rage nasu a nan?"

"Injin, da rabin ƙasan."

Ya daɗe yana juya ta. Na yi zaton an gama, ashe yanzu aka fara. Ya ce, "To ki bar min ita. In aika ma mutumina a Kwatano, a kwance ta a ga yadda kinka yi, a nemo min mai irin wanga ƙarhi. Ke kuma in ba ki sababbi biyu cikin kwali."

Duk ƙarfin halina ya ƙare a kan dakalin nan. Na karɓi motar na sunkuyar da kai, ban ce to ba, ban ce a'a ba. Da ya dawo gida ya faɗa wa Inna, na ji ta daga tsakar gida tana cewa, "To, Yaya." Na same ta a ɗaki na ce ban yarda ba. Ta ce za mu yi magana. Balki ta ce ni wawiya ce, sababbi biyu a kwali! Na ce mata sababbin nan bango ɗaya zai gama da su, wannan kuwa na san duk inda ke mata ciwo. In aka kwance ta a Kwatano, wa zai mayar da safar yadda take?

Ba mu yi maganar ba. Ranar komawa Inna ta ce in je in yi sallama da maƙwabta, ita za ta haɗa mini jaka. Har muka shiga mota a tashar Tawa, aka cika, direba ya tayar, sannan na ɗora jakar a cinya na ji ba daidai ba. Nauyin yana nan amma babu tudun taya. Na zuge. Robar dabino ce naɗe a tsummana.

Na dubi Inna. Tana kallon taga.

Na tsallake ƙafafun mutane na sauka. Na tsaya a gefen ƙofar.

"Ke ɗiya, shiga mu tahi," in ji direba.

"Ba ni shiga."

Inna ta leƙo, murya ƙasa-ƙasa. "Habsatu, kada ki tona min asiri cikin garin mutane."

"Ba ni shiga, Inna."

Direba ya danna oda. Wata mata ta ce yaran yanzu sai addu'a. Wani ya ce a ɗauke ta a jefa ciki mana. Masu talla suka matso. Ban taɓa tsayawa a tsakiyar idanu masu yawa haka ba. Na kafa idona kan wani ɓawon gyaɗa a ƙasa na ƙi motsi. Abu ɗaya na riƙe: tun da Kawu ya yi maganar Kwatano na sa rimot a aljihun siket, ƙarƙashin hijabi, kuma Inna ba ta tuna da shi ba.

Ana cikin haka sai ga Kawu a bayan kabu-kabu, Jarka a hammatarsa. Ya sauko yana haki.

"Alhamdu lillahi ba ku tashi ba. Kun tahi da abin tuƙinta." Sai ya lura da taron. "Mi ya hwaru?"

Ya dubi Inna, ya dube ni, ya gane. Ya ajiye motar a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ya miƙo hannu. Na ga ɗan jan haskenta yana ci, ya kunna ta a gida yana neman ta tashi.

"Kawo, Habsi."

Na girgiza kai.

"Ba ki jin kunyata?"

"Ina ji, Kawu. Amma ba ni ba ka ita."

Na sa hannu cikin hijabi, ban ko fito da rimot ɗin ba. Yatsuna sun san wurin. Jarka ta fita daga tsakanin ƙafafunsa, ta kauce wa tiren mai gyaɗa, ta ja hagu na gyara ta, ta zo ta tsaya a kan yatsun ƙafata. Na sunkuya na ɗauka na rungume.

Wani ya fara dariya ya haɗiye. Kawu ya tsaya da hannunsa a miƙe, sannan ya sauke shi a hankali.

"Haka?"

"Haka, Kawu. Ka yi haƙuri."

Ya leƙa taga ya ce wa Inna, "Ki gaida gida." Ya hau kabu-kabun da ya kawo shi ya tafi, bai waiwayo ba.

"To, Hajiya ƙarama," in ji direba, "an ba mu izini mu tahi?"

Na shiga. Inna ba ta yi mini magana ba har muka yi nisa sosai, ta raba dabino da matan da ke kusa ta tsallake ni. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kin san kin rufe ma kanki ƙohwar gidan nan."

"Na sani, Inna."

"Ni kuma da wane ido zan dube shi?"

Na jingina da kujera. Barci ya fara fizgata, motar ta faɗa wani rami, Jarka ta zame daga cinyata. Kafin in farka sosai na ji an tare ta. Hannun Inna ne. Ta mayar mini da ita, ta goge tafinta da mayafi, ta ci gaba da kallon taga.

Ga abin da ya faru, ban ƙara ba ban rage ba. Kawu bai kira ba har yau, in Inna ta kira shi gajeriyar gaisuwa suke yi. Balki ta aiko a ce mini mai taurin kai. Masu cewa ba ni da kunya, ina da ita, ta ma yi mini yawa, kuma in na sake ganin Kawu zan durƙusa har ƙasa in gaishe shi. Motar ce dai ba zan bayar ba.